Garmahon da Inna Ke Kira Yaya

Batsari,
Laraba da hantsi.

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko a mota kika buɗe ta ko sai kin sauka. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya, ya haɗa ki da masu tsoronsa a inda za ki. Mamanki ta ce in rubuta miki cewa kuka da daddawa suna ƙasan jaka, kada ki ɗora littattafai a kansu. Ga shi na rubuta.

Tun da kika dawo daga sansanin bautar ƙasa nake son in zaunar da ke mu yi magana, amma kin san ni. Idan abu ya dame ni, daga tsakiya nake fara shi, in koma farko, in manta ƙarshe. Shi ya sa na zaɓi takarda, inda zan iya gogewa in gyara. Wannan ma ba ita ce ta farko da na rubuta ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Kurakuran da na yi a kan garmahon Inna zan faɗa miki, domin akwai aikin da zan roƙe ki idan kin isa Ibadan, kuma ba na son ki taka inda na taka. Ni da ke shekara ɗaya muka karɓi digiri, ke da ƙuruciyarki, ni da furfurata, bayan na tsufa da alli a hannu a firamare. Na san yadda sabon digiri yake ƙaiƙayi a baki. Ni ya yi mini, kuma a kan mahaifiyata na sosa.

Kin san garmahon tun kina rarrafe: baƙin akwatin nan da ke ƙarƙashin gadon Inna, mai hannun wanawa a gefe. Kin san Yaya take ce masa. Abin da nake zaton ba ki sani ba shi ne dalili. Inna ba ta san mahaifinta ba. Fataucin goro yake yi zuwa Kurmi, kuma a hanya ya rasu. Mahaifiyarta ta gaya mata cewa a tafiyarsa ta kusa da ƙarshe ya dawo ƙauyenmu na ƙasar Ruma da wannan akwati, tana da tsohon ciki. Ran suna ya ɗauki jaririyar a hannu ɗaya, ya wana garmaho da ɗayan, mutanen gari suka taru suna leƙa ƙarƙashin akwatin suna neman inda mawaƙin ya ɓuya. Bayan kaka ya koma, bai sake dawowa ba. Wato garmaho ya riga ta shigowa gidan, shi ya sa ya zama Yaya.

Amma akwai wata ruwayar. A gidan su Kawu Iro na Yasore cewa ake yi mutumin bai taɓa dawowa ba, abokin tafiyarsa ne ya kawo kayansa bayan shekaru, har da garmahon, lokacin Inna ta fara wayo. Labarin ran suna kuwa uwa ce ta tsara don ta rarrashi marainiya. Kawu Iro taubashin Inna ne, saboda haka ya mai da wannan abin tsokanarsa. Duk zuwan da zai yi, tun daga zaure zai fara.

"Ina tsohuwar nan mai ce wa ƙaninta Yaya? A fito da yaron ya gaishe ni."

Ita kuma ta amsa daga ɗaki: "Shigo, makwaɗaici. Yaya na barci, ba ya ganin talakawa."

Haka suke tun kafin a haife ni. Kowa na dariya, ni ma ina yi. Ban taɓa tsayawa na lura ba cewa a ƙarƙashin wasan nan tambaya ɗaya ce kwance: shin uban Inna ya taɓa ganinta ko bai taɓa ba? Ko ranar da muka baro ƙauye saboda masu hari, da muka bar hatsi a rumbu, ta ƙi hawa babur sai da aka ɗaure akwatin nan a bayan wani ta ga ya tashi a gabanta. Ko a nan ban gane ba.

Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincikensa na shekarar ƙarshe a kai, sai na ce ga tarihi a ƙarƙashin gadon uwata, me zai kai ni nesa? Na zaɓi in gano shekarun garmahon da faya-fayansa. Kina makaranta a lokacin, kina fama da naki.

Kuskurena na farko sauri ne. Na ɗaga farantin da faifai ke zama a kai, sai na ga wani ɗan ƙarfe kusa da birki da rubutun Turanci da shekara a jikinsa, shekara ce ta farkon shekarun 1920. Ummi, ban ko mai da farantin ba. Na fita tsakar gida ina cewa na gano, na gano. Abin da muka sani game da haihuwar Inna shi ne an haife ta damina biyu bayan fara ta cinye geron ƙauyenmu, kuma duk lissafin da na yi da tsofaffi a farkon shekarun 1930 yake faɗuwa. Ke nan garmaho ya girme ta nesa ba kusa ba. Na hau babur har Yasore don in gaya wa Kawu Iro. Ya saurare ni, ya ce, "To, Malam Digiri, ƙarfe ne ya gaya maka? Ni ma bari in rubuta shekarar Annabi Nuhu a jikin garmata."

Da na kai wa malamin da ke duba aikina hoton, sai ya sa ni in karanta kalmomin da ke gaban shekarar da ƙarfi. Na karanta. Ashe ba shekarar da aka ƙera akwatin ba ce. Shekarar da hukumar ƙasarsu ta yi wa mai ƙirƙirar irin wannan birki rajista ce, don kada wani ya kwaikwaya. Kamfani na iya ci gaba da buga wannan shekara a jikin kayansa tsawon lokaci bayan haka. Abin da kawai ta tabbatar shi ne ba a yi akwatin kafin ta ba. Bayanta kuwa, ƙofa a buɗe take.

Saboda haka, Ummi, duk inda kika ga shekara a rubuce, kafin ki yi murna ki tambayi kanki: shekarar mene ce? Wa ya rubuta, kuma don me? Wannan ba a garmaho kaɗai ba. Za a nuna miki takardu a wurin aiki masu hatimi da sa hannu. Ki karanta abin da ke gaban lambar da abin da ke bayanta. Kuma idan amsar da kika samu ita ce daidai wadda zuciyarki ke so, to a nan ne ya kamata ki ƙara dubawa. Ni na so Inna ta yi nasara, shi ya sa idona ya tsallake kalmomin.

Na biyu ya fi ciwo domin ba ya gyaruwa. Faya-fayan sun yi datti, ƙasa ta cike zara-zaran layukan da allura ke bi. Na ɗauki ɗaya na goge shi da sifirit ɗin da mamanki ke wanke ciwo da shi, a tunanina abin da ke kashe ƙwayar cuta ba zai gagari datti ba. Ina gogawa na ji audugar tana kamawa. Da na ɗaga, ta yi baƙi ƙirin, fuskar faifan ta yi laushi kamar alewa. Waɗannan tsofaffin faya-fayai ba roba ba ne irin na baya-bayan nan. Da wani irin ƙaro ake haɗa su, kuma sifirit narkar da shi yake yi. A ruɗe na wanke shi da ruwa na jingina shi a bangon ɗaki ya bushe, rana ta juyo ta same shi, kafin la'asar ya lanƙwashe kamar ganyen kabewa. Waƙar da ke ciki ta tafi ke nan. Ban ma san ko akwai irinsa a wani wuri a duniya ba. Allah ya taimake ni ba wanda Inna ta fi ƙauna na fara ɗauka ba.

A ɗakin karatun da aka tura ki za su ba ki irin waɗannan a hannu. Kada ki sa musu komai sai abin da ma'aikatan wurin suka nuna miki. Ki riƙe su ta gefe da hannu biyu. Kada ki bar su a rana ko a mota. Idan na wanawa ne za a kunna, allurar ƙarfe sau ɗaya ake amfani da ita a jefar, domin da ta dakushe sai ta koma cin faifan. Mu a gida shekara da shekaru allura ɗaya muke wasawa a dutse, shi ya sa wasu faya-fayanmu suka yi furfura. Kuma gaba ɗaya, abin da ba ki san da me aka yi shi ba, kada ki yi masa gyara don kawai niyyarki mai kyau ce. Niyyata mai kyau ce ranar nan. Mutane ma haka ne. Za ki zauna da waɗanda ba ki san yadda aka gina su ba. Ki daɗe kina kallo kafin ki ce za ki gyara wani.

Yanzu ga babban.

Bayan kunyar da na sha a kan shekarar birki, sai na rantse ba zan sake yin sakaci ba. Na karanta duk abin da malamina ya ba ni. Na koyi cewa masu babban ƙaho a waje su ne na farko, masu kama da akwatin tafiya irin namu sun biyo baya, ko da yake an ci gaba da yin iri biyun tare na wani lokaci. Na koyi cewa wurin da ya fi faɗin gaskiya shi ne kai, wato ƙarfen nan mai kama da murfin gwangwani da ake ɗaura allura a jikinsa, wanda ke maƙale a ƙarshen wuya. A cikin kai akwai tantani, shi ke karkarwa ya fitar da sauti. A na da, da wani dutse mai ɓarewa falle-falle ake yin tantanin, ana ganin haske ta cikinsa kamar gilashi. Daga baya aka koma yin sa da siririn alminiyam a rufe shi da murfi mai huda-huda. Haka kuma farin ruwan da ake shafa wa ƙarafan ya canza. Na da yana dushewa ya yi ɗan rawaya-rawaya, na baya yana ɗaukar ido har da shuɗi-shuɗi, kuma ba ya dushewa da wuri.

Na duba kan namu. Alminiyam ne, da murfi mai huda-huda, yana walƙiya da shuɗi-shuɗi. Na gwada shi da hotuna, na sake gwadawa. Irin ƙirarsa ba ta fito ba sai bayan an haifi Inna da shekaru. Wannan karon ban yi gudu ba. Na kwana a kansa, na rubuta, na kai wa malamina hoton kan, ya ce lalle wannan kai na baya ne. Ki lura da abin da ya ce: wannan kai. Ni kuma abin da na ji shi ne: wannan garmaho.

Ranar wata Juma'a Kawu Iro ya zo, ya fara kiransa daga zaure kamar kullum. Muna zaune a ƙofar ɗakin Inna ana shan fura, sai ya ce, "Malam Digiri, ina aka kwana? Yaya ne ko ƙane?"

Da na yi shiru. Da na ce ana nan ana bincike, wanda kuma gaskiya ne. Amma na ga kamar ɓoye sakamako rashin amana ne ga ilimi, kuma, in faɗa miki tsakani da Allah, ina son a ga cewa wannan karon na yi aikin da kyau. Na gyara zama na yi musu bayanin tantani da alminiyam, na rufe da cewa bisa ga hujja, garmahon bai kai shekarun Inna ba.

Ba wanda ya yi dariya. Inna ta ajiye ludayi. Ta ce, "Auta, mi ka ce?"

Na maimaita, da ƙaramar murya.

Ta ce, "To." Sannan ta ce, "Ashe dai bai gan ni ba."

Kawu Iro ne ya fara rikicewa. Mutumin da ya shekara saba'in yana wannan tsokana ya juyo kaina kamar zai buge ni da sanda. "Kai, wane irin yaro ne kai? Wa ya aike ka? Ni wasa nake da taubashiyata! Mu a gidanmu ma ji muka yi, wa ya gani?" Ya juya wurinta yana cewa, "Ke, rabu da shi, boko ne ke ɗibarsa. Yaya ne. Ni na ce Yaya ne." Ta ce masa, "Bari, Iro. Ka ci gari." Bai ƙarasa furarsa ba ya tafi.

Washegari ta sa aka fitar da akwatin daga ƙarƙashin gadonta aka kai ɗakina. Ba ta yi fushi da ni ba, da ma ta yi. Tana amsa gaisuwata, tana sa mini albarka. Amma ta daina cewa Yaya. Idan dole ta ambace shi sai ta ce "akwatin nan". Kawu Iro ya zo sau ɗaya bayan haka, ya yi sallama a zaure kamar baƙo, suka gaisa kamar surukai. Lokacin da kika kira kika ce kin ji muryar Inna ta yi sanyi, na ce miki mura ce, ba mura ba ce.

A nan shawarata biyu ce, kuma kada ki ɗauki ɗaya ki bar ɗaya. Ba na cewa ki ɓoye gaskiya. Ina cewa ki san girman abin da kika sani. Na san shekarun kai, na yanke hukunci a kan akwati gaba ɗaya, daga nan na yanke hukunci a kan mutumin da ya rasu tun kafin a haife ni. Kowane tsalle a cikin waɗannan ni na yi shi, ba hujja ba. Sannan kafin ki faɗi abu a gaban mutane, ki duba wa zai ɗauke shi ya kwana da shi. Tsokanar taubasai tana da daɗi ne muddin ba wanda ya zo da takarda ya ce ga mai gaskiya. Ni na shiga tsakanin tsofaffi biyu da alƙalanci, alhali ba su kawo ƙara ba.

Yadda Allah ya warware abin kuwa, ba wayona ba ne. Bayan 'yan makonni mamanki ta shigo ɗakina da wani ƙullin tsumma, ta ce Inna ta ce a haɗa da akwatin, kayansa ne, ba ta ga amfanin ci gaba da ajiyarsa ba. Na kwance. Ummi, kai ne. Wani kan garmaho, ya dushe ya yi rawaya-rawaya, fuskarsa a buɗe, da tantani mai haske kamar gilashi, tsage a gefe ɗaya. Na ɗaga shi saitin taga na hango bishiyar dalbejiyarmu ta cikinsa. Na ɗora shi kusa da wuyan garmahon. Launinsu ɗaya. Sai a lokacin na ga abin da ke gabana tun farko: wuya da hannun wanawa da maƙullan akwatin duk sun dushe iri ɗaya, kan nan mai walƙiya ne kaɗai baƙo a cikinsu. Na kwance sukurun na cire shi, sai ga yankin gwangwanin madara an naɗe a bakin wuyan don ya kama, saboda ba girmansu ɗaya ba. Na zare gwangwanin na sa tsohon kan. Ya shige ya zauna daram.

Na tafi ɗakin Inna na durƙusa, na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Kansa ne na fari. Ya tsage yana ta zuza kamar ƙudan zuma, babanka ya kai shi Safana wurin wani mai gyaran agogo, kana goye. Ya sa mashi wanga mai ƙyalli daga wani mataccen garmaho. Ni kuwa na ce a ba ni tsohon, hannun babana ya taɓa shi."

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta ce, "Kai da ƙarfe kake ta magana, Auta. Ban so in katse ku ba."

Kin ga kuskure na huɗu, wanda ya haifi na uku. Na yi tafiya har jami'a da hotuna, amma ban taka zuwa ɗakin da ke kallon nawa na tambayi mai abin ko an taɓa gyara shi ba. Tsohon abu da aka yi amfani da shi ba ya zuwa da kayansa na asali duka. Sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen cikin injin da ake wanawa, yakan tsinke a canza, kai kan lalace a sa wani, har akwai masu haɗa gawarwakin garmaho daban-daban su maƙala musu sabon ƙaho mai ƙyalli su ce na zamanin da ne. Saboda haka ba a yanke shekaru da gaɓa ɗaya. A duba akwati, a duba injin, a duba wuya da kai da sukurori, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Wanda ya saɓa, a tambayi dalili. Kuma tambaya ta farko ga mai abin ake yi: wa ya taɓa buɗe shi?

Na koma wurin malamina da hotunan komai, ba kai kaɗai ba. Abin da muka tsaya a kai, kuma shi na rubuta a bincikena, shi ne cewa akwatin da tsohon kansa sun dace da ƙirar ƙarshen shekarun 1920 zuwa farkon 1930. Ki lura, wannan bai tabbatar da cewa kakana ya dawo ba. Ƙarfe ba zai iya faɗin haka ba. Abin da ya nuna shi ne babu abin da ya hana, kuma hukuncin da na yanke ranar Juma'ar nan ba shi da tushe. Haka na faɗa wa Inna, kalma da kalma, ban ƙara gishiri ba. Na ce, "Inna, na yi kuskure. Zai yiwu ƙwarai ya riga ki zuwa."

Ta ce, "Zai yiwu?"

Na ce, "Zai yiwu. Iyakar abin da na sani ke nan."

Ta ce, "Da ma ni da zai yiwu na tsufa. Kai ne ka zo da babu."

Ga aikin da nake roƙonki. Akwai faifai ɗaya da Inna ta ce shi aka sa ran sunanta, na wani mai goge yana waƙa da Hausa. Gara ta cinye takardar tsakiyarsa, babu sunan mawaƙi, babu na kamfani sai ɗan gefen zane. Amma a filin nan mai santsi tsakanin ƙarshen layuka da takarda akwai lamba da haruffa da aka danna a jikin faifan kansa, da wata 'yar alama a gefensu. Wannan ita ce lambar ɗauka, wadda aka ba waƙar ranar da mawaƙin ya zauna gaban na'ura. Ta fi lambar kan takarda amfani, domin ta takarda lambar kasuwa ce, tana iya canzawa idan aka sake bugawa. Kin ce ɗakin karatun da aka tura ki suna da littattafan da aka jera irin waɗannan lambobi. Na tura miki hotuna a waya, na gaba da na baya, ɗaya da hasken taga daga gefe don lambar ta fito. Na kuma ɗora takarda na goga fensir a kai, tana cikin wannan ambulan. Akwai harafi ɗaya da ban tabbatar ba, na sa masa alamar tambaya. Kada ki cike shi da zato. Faifan kansa ba zai bi ki ba, na ga abin da hanyar Ruma ta yi wa 'yan'uwansa.

Idan kin samu, ki tuna shekarar ɗauka daban, shekarar bugawa daban, ana iya sake buga tsohuwar waƙa bayan shekaru. Ki duba hoton bakin faifan, za ki ga babu layin nan da ke jan allura daga gefe zuwa cikin waƙa, wanda na karanta cewa daga baya aka fara yi. Alama ce mai kyau, amma alama ce kawai. Idan ɗaukar ta riga haihuwar Inna, mun ƙara samun wani zai yiwu. Idan ta biyo baya, to ba wannan faifan aka sa ran suna ba, wataƙila an saye shi daga baya ya maye gurbin wani a tunaninta, kuma hakan bai taɓa shekarun akwatin ba. Ki rubuta abin da kika gani, da sunan littafin da shafinsa, da abin da ba ki gani ba. Kada ki ji kunyar ce wa na gaba da ke ba ki gane ba. Kuma ki yi da ɗan hanzari, ba irin nawa ba, amma kin san shekarun Inna takwararki.

Na so in ce ki fara gaya mini kafin kowa, don in san yadda zan shigar mata da shi. Na faɗa wa Inna haka, ta ƙi. Ta ce, "Takwarata za ta faɗa mani da bakinta. In faifan ƙanena ne, ta ce ƙanena ne, ina da wurin ajiye ƙane. Kai dai kada ka sake yi mani fassara." Saboda haka ita za ki kira. Ki gaishe ta tukuna yadda ya kamata, ki tambayi ƙafarta, kada ki fara da lamba.

Sauran abin da uba ke faɗa kin sha ji. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da ke kaɗai ce a ofis. Ki gaida maƙwabtanki ko ba ki jin harshensu, ki koyi gaisuwarsu tun makon farko. Kada ki hau motar da ba ta tasha ba. Ki kira mamanki ko ba ki da labari, domin idan ba ki kira ba ni take hana barci, ni kuma da ma ba barcin kirki gare ni ba.

Abu ɗaya ya rage. Shekaranjiya, kina kasuwa ke da mamanki, allurai da na sa a kawo daga Kano suka iso. Na aika aka ɗauko Kawu Iro. Na sa sabuwar allura a tsohon kai, na wana a hankali ina sauraren sifirin, na ɗora faifan mai goge sau ɗaya tak. Saboda tsagar tantanin, sautin na fita da zuza a ƙarƙashinsa, har na kai hannu zan ɗaga. Inna ta ce, "Bar shi! Haka muryarsa take." Ta rufe ido har waƙar ta ƙare. Kawu Iro na gefe yana ta murza hularsa. Da allura ta kai ƙarshe sai ya yi gyaran murya, ya dube ta ta gefen ido, kamar mai taka gada yana gwada ƙarfinta.

"Yaron nan dai," in ji shi, "muryarsa ta fashe. Ƙanen naki ya balaga."

Na juya wajenta. Inna ta buɗe ido ta ce, "Auta, ɗauki Yaya ka mai da shi ɗakina. Ya gaji da ganin talakawa."

Yana can ƙarƙashin gadonta yanzu. Gobe da safe idan kin shiga yi mata sallama, wataƙila ki gan shi tun kafin ki buɗe wannan takarda.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa ki sauka a hannu nagari. Ya tsare miki imaninki da lafiyarki da mutuncinki, ya ba ki ilimi mai amfani da harshe mai taushin faɗarsa. Ya dawo mana da ke lafiya, ya sa ki tarar da mu duka, har da takwararki, muna nan. Amin.

Wassalam.

Naki,
Abbanki.